Daminar da Baba ya daina magana

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, ina aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke kusa da Dayi, Malam Yohanna ya shigo aji riƙe da gwangwanin da wake ya tsiro a ciki, da dutse, ga ɗan tsako yana kuka a aljihun rigarsa. Ya jera su a kan tebur ya ce mu nuna masa masu rai. Ya koya mana cewa duk mai rai yana numfashi, yana ci, yana girma, yana kuma jin abin da ya taɓa shi. Sannan ya sa kowa ya ɗora yatsu a wuyan hannunsa. "Wannan bugun da kuke ji, zuciya ce ke tura jini har ƙwaƙwalwa," in ji shi. Da aka tashi na sheƙa gida don in gwada a hannun Baba, sai na tarar da amalanke a ƙofar gida. An ɗauko shi daga gonar auduga, inda ya faɗi yana noma.

Bai mutu ba. Bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafa suka daina aiki, magana ta ɗauke. Tsofaffin unguwa suka ce iska ce ta buge shi a gindin tsamiya, aka yi ta hayaƙi da shafe-shafe, ba wanda ya kawo zancen kai shi asibiti Malumfashi. Daga ranar na rabu da carafke da gaɗar dandali. In na dawo makaranta in taya Inna surfe, in ɗebo ruwa a rijiya, in dama kunu in riƙa ba shi da cokali, rabi ya shiga, rabi ya bi gemunsa. Inna ke juya shi, ta wanke shi, ta shanya shimfiɗarsa a bayan rumbu don kada maƙwabta su gani.

Da kaka ta yi, Baffa Sale, ƙanen Baba, ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, ko sannu bai yi wa yayansa ba, ya dubi Inna ya ce, "Yaya ai tasa ta ƙare, gawa ce ke numfashi. Gonar fadama ni zan riƙa nomawa, shanun huɗa kuma a kai gidana." Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ni kuwa ina zaune kusa da Baba, na ga hawaye ya gangaro daga idonsa ya shiga kunne, hannunsa na hagu ya damƙe nawa har ya yi mini zafi. Na ce, "Baffa, yana jin ka fa." Ya harare ni ya ce boko ya fara lalata ni, ya fita ya kwance shanun da kansa.

Haka aka yi ta yanke masa hukunci a kan idonsa. Abin da Baffa ya ga dama ya aiko mana na dawa, shi muke ci. Abokan da ke cika mana zaure da hira suka ɗauke ƙafa, masu zuwa kuma sai su tsaya a kansa suna cewa, "Allah sarki, da mutumin kirki ne." Alhali in hadari ya haɗo yakan yi ta gurnani har sai mun ja tabarmarsa bakin ƙofa ya ga saukar ruwa, don har lokacin manomi ne. Ya ƙara ganin wata damina kafin Allah ya karɓi ransa. Ranar zaman makoki Baffa ne a sahun gaba, yana karɓar gaisuwa yana share ido.

Yanzu kusan kowane kemis a nan Funtua yana da abin awon hawan jini, yara ma sun san abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki, sun san mai shi yana bukatar asibiti da gashin ƙashi da wanda zai zauna ya yi masa hira. Gonar fadama tana hannun 'ya'yan Baffa, masara suke sa mata. Duk Sallah nakan je in durƙusa in gai da Baffa, ya sa mini albarka, in ce amin, in tashi. Ina iya tuna kaushin tafin hannun Baba, da ƙanshin ƙasa a rigarsa in ya dawo gona. Muryarsa ce na nema na rasa.