Ruhewar Babana da Na Cika da Soshiya

A zamanin mulkin farar hula na biyu ni matashi ne mai sabon aure, ɗan auta a gidan manoma, a wani ƙauye tsakanin Bodinga da Shagari. Ba zan faɗi sunana ko na ƙauyen ba, Malam Edita, don wasu da abin ya shafa suna raye. Na ɗan taɓa boko, na iya ƙidaya da karanta takarda, saboda haka nake ganin duk gidanmu ba mai wayona. Gandu ɗaya muke nomawa, ni da yayana, ƙarƙashin babanmu. Shi kuwa tsoho a lokacin yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya gane mutum da murya. Ina jin kunyar faɗa, amma noma ya fita raina. Ina ganin sa'o'ina da suka shiga hidimar siyasa suna wuce ni a kan babur, ni kuwa ƙafata duk faso. Na sa wa raina cewa ranar da na samu kuɗi, ranar zan fara barci mai daɗi.

Babanmu yana da wata ruhewa, wato rumbun ƙasa, a bayan gari kusa da masussuka, inda rumbunan mutane suke jere saboda tsoron gobara. Wannan ruhewa ta tsimi ce, ba a taɓa ta komai wuya sai shi ya ce. Cike take da dammunan geron gidanmu, wani iri gajere mai saurin nuna da ya gada wurin kakanmu. Da ruwa kaɗan yake kai, shi ya sa tsoho yake cewa da wannan iri gidanmu ya tsallake yunwar da aka yi yana yaro. Al'adarsa, kowace shekara bayan kaka sai ya sa a hau a ɗaga jinka, a fasa lakar bakin, a duba ko gara ta shiga, sannan a sake liƙewa. Da idonsa ya tafi, ni ya ɗora wa wannan aiki. Ya ce ni ne idonsa. Shi kuma kullum da hantsi sai ya lallaba da sanda ya je ya ƙwanƙwasa cikin ruhewar, don ya ce rumbu mai kaya muryarsa daban da ta wofi. In ya ji ta amsa da nauyi, sai ya yi hamdala ya dawo zaure.

Wani abokina a kasuwar Bodinga shi ya nuna mini hanya. A lokacin akwai takardun rabon shinkafa da taki da ake ba na kusa da manya, su kuma su sayar da takardar ga mai kuɗi a hannu. Ya ce in na samu jari, juyi biyu kawai zan yi in manta da fartanya. To ina jari? Sai zuciya ta nuna mini ruhewa. Na ce ai ba sata ba ce, hatsi ne kwance ba ya haihuwa, in kaka ta yi in mayar har da ƙari. Da rani kowa yana fadama wurin albasa tun safe har la'asar, ga kuma ɗan rumbuna na gayauna, wato gonata ta kaina, dab da ruhewar, duk wanda ya ga jakai a wurin sai ya ɗauka nawa nake fitarwa. Kaɗan-kaɗan na kwashe ta tas na sayar. Da yake na san da sandar tsoho, duk damin da na cire sai in cike gurbinsa da soshiya, wato zangarniyar geronmu da aka riga aka sussuke, da ƙaiƙayi daga masussuka, in danne da ƙafa. Ranar da na gama na liƙe baki, na tsaya ina kallo ya zo ya ƙwanƙwasa. Ya yi hamdala, ya ce Allah ya yi mini albarka. Wallahi har yau ina jin wannan addu'a kamar mari.

Kuɗi kuwa sun zo, ba zan yi ƙarya ba. Kafin shekara ta zagayo na sayi babur, na kama shago a Bodinga, na yi wa ɗakin matata rufin kwano. Waɗanda da ba sa amsa gaisuwata suka koma kirana Alhaji tun ban san hanyar Makka ba. Amma barcin da na yi wa kaina alkawari bai zo ba. In na ji an ce Baba na kira, sai in ɗauka asirina ya tonu. In na ga mutum biyu suna magana kusa da masussuka, sai in ce shi ke nan, maganata ake yi. Matata ta sha tambayata me ya sa nake tsame hannu daga tuwo bayan loma uku, in ce mata zafi ne. Da kaka ta yi na ce zan mayar, sai na ga duk kuɗin suna cikin kaya, kuma kayan kullum tashi suke, na ce bari sai baɗi. Na hau ruhewa, na leƙa soshiyata, na sauko na ce wa tsoho lafiya lau, ko gara ɗaya babu.

Baɗin da nake jira ita ce ta zo da fari. Damina ta yi gardama, abin da aka girbe bai kai mutane tsakiyar rani ba. Ga tsuke bakin aljihun gwamnati, sannan soja suka karɓi mulki, harkar takardu ta mutu, masu hatsi suka ɓoye abinsu. Ni dai kuɗina suna nan, na riga na tara. Na sake hawa na sake yin ƙarya. Da damina ta gaba ta kama, aka yi ruwan farko mai kyau, kowa ya zuba irinsa a ƙasa, sai sama ta ɗauke, shuka ta ƙone. Aka sake samun yayyafi, aka kakkaɓe ɗan abin da ya rage aka shuka, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Iri ya ƙare a ƙauyenmu ƙaf, har a gidanmu, kuma lokaci yana tafiya. Duk manomi ya san a wannan gaɓa gero mai saurin nuna ne kawai zai iya kaiwa.

Wata Juma'a bayan an sallame, babana ya miƙe a masallaci ya dogara sandarsa. Ya ce kada kowa ya sayar da gona, kada kowa ya kwashi iyali ya bar gari. Ya ce yana da ruhewa cike da geron gidansa, ranar da ruwa ya sauka zai buɗe ta, kowane magidanci ya zo da ƙwaryarsa ya ɗebi iri, ba sayarwa ba, ba rance ba. Masallaci ya ɗauki kabbara. Wani dattijo ya juyo ya kama hannuna yana cewa Allah ya ba kowa ɗa irina. Ni kuwa na sunkuyar da kai na ce amin. Innalillahi! Kowa a garin yana roƙon ruwa, ni kaɗai nake duban sama ina fatan kada hadari ya haɗu. Ku duba irin mutumin da kuɗi suka mayar da ni.

Washegari na cusa kuɗi a aljihu na hau babur. Na zaga kasuwar Bodinga, na je Shagari, na shiga har Dandin Mahe gida-gida. Wanda yake da ɗan gero ya ce na bakin 'ya'yansa ne, ko zan ba shi babur ɗin ba zai saki ba. A ƙarshe na samu buhuna a wurin wani mai mota da ya yi lodi daga kudu, na saya da tsadar da ban taɓa ji ba, na ɓoye a shago. Amma ta ina zan kai su ruhewa? Yanzu idon gari duka yana kanta, har mata in za su rijiya sai sun ratsa sun kalle ta. Ko da na samu hanya, nawa sussukakke ne, na tsoho kuwa dammuna ne, hannunsa kawai zai sa ya gane. Sau uku ina zuwa bakin zaure da niyyar in faɗa masa gaskiya. Na ukun har na durƙusa na ce Baba, ya ce na'am, sai na ji bakina yana tambayarsa ko a sayo masa goro.

Ruwa ya sauka ranar Laraba da azahar, irin ruwan da ake cewa ya kai shuka. Kafin la'asar mutane sun cika bayan gari da ƙorai da tasoshi, har da gwaggona, ƙanwar babana, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Aka kawo tsani, tsoho ya ce in hau da bismilla. Na hau, na ɗaga jinka, na fasa laka. Yayana yana ƙasa ya ɗaga hannu biyu yana jiran damin farko. Na tsaya kamar an dasa ni. Ya ce in miƙo mana, ƙasa tana shan ruwa. Da ya ga ban motsa ba sai ya hawo, ya tura hannu har kafaɗa, ya zaro soshiya. Ya sake turawa can ƙasa, ya zaro wata. Ya sauka ya sa ta a tafin babanmu. Tsoho ya shafa ta daga tushe har kai, ya kai hanci ya sansana, sannan ya ɗago fuska wajen da yake jin numfashina ya tambaya ko gara ce. Yayana ya ce gara ba ta sussuka.

A nan na ƙara wa kaina wauta. Na diro na zaro kuɗi daga aljihu, na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, zan raba musu, kuma ina da buhuna a Bodinga. Ba wanda ya miƙo hannu. Gwaggona ta dube ni, ta ce ɗan nan, in nuna mata ramin da ake shuka wannan takarda ta tsiro. Sai babana ya ɗaga sanda aka yi tsit. Na zaci tsine mini zai yi, kuma wallahi da hakan ya fi mini sauƙi. Sai ya ce wa jama'a laifin nasa ne, shi ya yi alkawari a ɗakin Allah kan abin da bai gani da idonsa ba, su yafe masa. Dattijon da bai taɓa cin bashin magana ba, ga shi yana roƙon gafara a gaban jikokinsa saboda ni. Mutane suka watse da ƙorai wofi, ba mai kallon wani.

Na kawo buhunan aka raba aka shuka, don ba yadda za a yi. Geron kudu ne mai son dogon ruwa. Ya tashi kore shar, ya fi mutum tsawo, yana shirin fitar da kai ruwa ya ɗauke. Kara muka girba. A wannan shekara gidaje da yawa suka rufe, gwaggona ta sayar da gonarta, yayana ya kwashi iyalinsa ya yi kudu, bai sake zama a garin ba har ya rasu. Shi kuwa tsoho kwana uku ya yi zaune gindin ruhewa yana murza soshiya ɗaya-ɗaya, ya tara tsabar da ba ta cika tafin hannu ba. Ya shuka ta a bayan ɗakinsa yana ba ta ruwa da buta, amma lokaci ya riga ya wuce. Nan irin gidanmu ya ƙare.

Ban bar gidan da yunwa ba, shinkafa buhu-buhu nake kawowa, yana ci kaɗan ya yi godiya kamar baƙo. Da ciwon ajali ya kama shi, ya ce ba abin da yake marmari sai kunun geron gidanmu. Na sa matata ta dama na kasuwa, na kai masa da hannuna, na ce na samo irin namu ne a wurin wani mutumin Sifawa. Ya kurɓa sau ɗaya, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Sai ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce in bari haka nan, ƙaryar ta isa, shi ya yafe mini tun a gindin ruhewa. Bayan kwana biyu muka kai shi makwancinsa.

Yau ina da gidaje da shaguna, na je Makka, ba na tunanin abin da za a ci gobe. Masu ganina suna cewa na ji daɗin duniya. Ban ce talauci abin so ba ne, na ɗanɗana shi, ba shi da daɗi ko kaɗan. Kuɗi suna maganin yunwa, suna biyan asibiti, amma ni ban ga sun sayo mini kwanciyar rai ta yini ɗaya ba, domin na fasa amana na same su. Ina kira ga matasa masu gaggawa, musamman wanda wani tsoho ya ce masa kai ne idona: in zuciya ta ce maka ɗauka kawai za ka mayar, to ƙarya take yi, kuma in ka riga ka ɗauka, je ka faɗa yau tun ruwa bai sauka ba. Ni har yanzu duk kasuwar ƙauyen da na shiga sai na tsaya wurin masu hatsi, in ɗebi gero a tafi in duba, in tambaya ko sun san wani gajere mai saurin nuna. Kuɗin suna aljihuna, ban samu mai sayarwa ba.