Olive Mai Zanen Fuska a Kan Haure

Da muka tare a gidanmu na garin Bowie, kusa da Washington, ni da maigidana Sirajo da yaranmu biyu, maƙwabciyarmu ta hannun dama wata tsohuwar Baturiya ce mai suna Olive Bergvall. Doguwa ce siririya, ba ta da fara'a. Na yi wata da watanni ina ɗaga mata hannu in zan tafi asibitin da nake aikin jinya, ita kuwa tana kallona ta taga kamar ba da ita nake ba. Faɗuwa ce ta haɗa mu. Wata safiya ta fito da shara, santsin ƙanƙara ya kwashe ta, na ruga na ɗaga ta na kai ta ciki. Ina duba mata gwiwa, ta ƙura wa fuskata ido har na tsargu.

"Akwai shuɗi a kumatunki," ta ce. "Da ɗan ja a ƙasan ido. Kin sani?"

Na ce ban sani ba, Mama. A raina na ɗauka kanta ne ya bugu. Sai daga baya na gane mai zane ce, kuma haka take kallon kowa.

Labarinta guntu-guntu na tsince shi, don ba ta son tambaya. A wani ƙauye can arewacin Sweden aka haife ta, mahaifinta mai gyaran agogo. A teburinsa ta saba da ƙananan abubuwa. Da ta zama budurwa ta tafi babban birni, ta koyi wani irin zane wajen wata tsohuwa: hoton fuskar mutum a kan ɗan fallen hauren giwa da bai kai tafin hannun jariri ba, wanda ake sa wa a sarƙar wuya ko a ɗan akwati. Buroshin nata gashinsa bai fi a ƙirga ba. Ɗigo take yi a kan ɗigo, tana kallo ta gilashin ƙara girma, tana riƙe numfashi kafin ta sauke hannu. Fuska ɗaya kan ci makonni.

A can ta haɗu da Walter, Ba'amurke wanda ya je ganin ƙasar kakanninsa. Ya auro ta ya kawo ta Washington, inda yake aikin ofis a ɗaya daga cikin manyan gine-ginen gwamnati na unguwar Southwest. Ta ɗauki zanenta ta zaga birni, har wani mai kantin gwal da agogo ya ce zai riƙa ba ta aiki. Amma da sharaɗi: ba za ta sa sunanta ba. Tambarin kanti kaɗai za a buga a baya, wai masu saye sunan kantin suka sani.

"Na dawo gida ina kuka," in ji ta. "Walter yana cin abinci, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce in karɓa, ai abin ɗebe kewa ne kafin in haihu."

Ta karɓa. Ta haifi 'yarta Debbie, ba ta daina ba. Kusan shekara arba'in tana zana matan manya da 'ya'yansu da amarensu, a ɗan ɗakin da ke bayan kicin. Ta bakin mai kantin, wata ta ce a rage mata haɓa, wata ta ce a ƙara mata gashi. Ko sau ɗaya mai kantin bai haɗa ta da masu hotunan ba, hoton kyamara kawai yake aiko mata ta kwafa. Daga baya yayin irin wannan zane ya wuce. Doka ta tsananta a kan cinikin haure, ta koma zane a kan wata irin roba fara, wadda ta ce ba ta ba fata haske. Mai kantin ya mutu, 'ya'yansa suka rufe wurin. Walter ma ya bi shi. Debbie kuwa tuni ta yi aure can nesa a jihar Arizona.

Wata Asabar na kai mata miyar taushe, sai ta ce tana so ta zana ni. Ta ce duk tsawon aikinta ba a taɓa kawo mata fuskar baƙar fata ba, kantin ba shi da irin waɗannan masu saye. Tana da sauran falle ɗaya na haure da ta zo da shi daga gida tun tana amarya, ta ɓoye shi. Na ce bari in shawarci maigida.

"Baban Khalil, tsohuwar nan fa ta matsa," na ce masa.

Ya ce, "Ni dai zanen mai rai da hannu, raina bai kwanta da shi ba. Amma ban hana ki ba. Ki dai bar mayafinki a kanki."

Na riƙa zuwa ina zama mata a gaban taga. Tana haɗa fenti tana mita, tana cewa launina ya fi ƙarfin abin da ta koya, amma a fuskarta na ga wani annuri da ban taɓa gani ba. Sai dai ni ma'aikaciyar jinya ce, na ga abin da take ɓoyewa. Hannunta na dama yana rawa. Takan danne shi da na hagu, ta jira ya lafa, ta sauke ɗigo ɗaya. Goshi ya fito, hanci ya fito. Ranar da ta zo kan ido, hannun ya fizge, layin fenti ya ratsa fuskar daga gira zuwa kunne.

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta jiƙa tsumma ta goge aikin gaba ɗaya.

"Mama, don me? Ai da an gyara."

"Ba a gyarawa," ta ce. "Tashi ki tafi gidanki."

Ta yi kwanaki ba ta buɗe mini ƙofa ba.

A bazarar da ta biyo baya ne ta ga sanarwa a jarida, wani ƙaramin gidan tarihi a cikin birni zai baje kolin irin waɗannan ƙananan hotuna. Ita da kanta ta buga mini waya ta ce in kai ta. Ta sa rigarta mai kyau, na tura ta a keken marasa lafiya, don ƙafa ta fara gazawa. Muna zagayawa sai ta kama hannuna da ƙarfi. A cikin akwatin gilashi akwai hotuna biyar a jere: yara biyu, amarya, wata dattijuwa da wani soja. An rubuta sunan kantin nan a ƙasa, sannan aka ce ba a san mai zanen ba.

"Nawa ne," ta ce. "Duk biyar ɗin."

Na nemo wata ma'aikaciyar wurin, matashiya mai ladabi. Ta durƙusa a gefen keken tana murmushi, ta saurari Olive har ta gama. Sannan ta ce abin sha'awa ne ƙwarai, amma kantin ya yi aiki da masu zane da yawa, ko Mama tana da wata shaida? Olive ta ce idonta ne shaida. Matashiyar ta dube ni, irin kallon da mu ma muke yi wa dangin mara lafiya idan tsoho ya fara rikicewa, ta tambaye ni a hankali ko ni ce mai kula da ita. Ta ce za su bincika. Ba su taɓa kira ba. Ni ma na je har sau biyu daga baya, aka ce mai alhakin sashen ba ta nan.

A mota ranar nan, muna komawa gida, Olive ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Sojan nan uwarsa ce ta sa a yi, bayan an kashe shi. Na yi shi kyauta, mai kanti ya sayar mata."

Daga nan jikinta ya yi ta ja baya. Ta bar tukunya a kan wuta har hayaƙi ya turnuƙe gidan, Sirajo ne ya fasa ƙofa. Debbie ta zo, ta gode mana, ta kai uwar gidan tsofaffi a garin Clinton, ta sa gidan a kasuwa. Ina tsaye masu kwasar kaya suka fito da teburin zanen da buroshin da gilashin, suka watsa a motar shara. Na ce da Debbie ko za ta ajiye wani abu.

"In kai ina?" ta ce. "Tun ina ƙarama ƙofar ɗakin nan a rufe take. Fuskar 'ya'yan mutane ta zana, ni ko sau ɗaya."

Na juya na koma gida.

Nakan leƙa Olive a gidan tsofaffin in na tashi daga aiki. Turancin ya gudu daga bakinta, ta koma harshen ƙauyensu, wanda babu mai ji a gidan. Masu aikin suka riƙa ba ta fensir mai launi da littafin zanen yara don ta rage lokaci. Takan ture su ƙasa, su rubuta cewa tana da rigima. A farkon sanyi ta rasu.

Mun je cocin da aka yi mata addu'a, ni da Sirajo, muka zauna a baya. Ba mu kai mutum goma ba. Faston bai san ta ba, abin da Debbie ta faɗa masa ya maimaita: marigayiyar matar gida ce ta gari, mai riƙon amanar miji, kuma takan taɓa ɗan zane in ta samu sarari. Na yunƙura zan miƙe, Sirajo ya dafa hannuna.

"Maman Khalil, ba wurinmu ba ne," ya ce ƙasa-ƙasa.

Na koma na zauna. Aka yi waƙa ɗaya aka tashi. Debbie tana sauri kada jirgi ya bar ta, a bakin ƙofa muka yi sallama a tsaye. Mu kuma muka wuce makaranta ɗauko yara.