Malam Tsoho da Keken da Ba Birki

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsu, Malam Tsoho ya dawo daga Haramin Makka, ya yaye tabarmar da ke rufe rumfarsa a bakin hanyar Mansur, ya cika kwanon faci da ruwa. Daga nan masu kai burodi da masu kai saƙon 'yan kasuwa za su fara turo kekuna, kowa na rantsuwa jiya lafiya lau ya jingine nasa. Tsoho ba ya musu. Sai ya juya taya, ya kasa kunne, ya ce, "Ya waladi, ɗana, kai ne ka kwana lafiya, shi kam da ciwo ya kwana."

A ƙafa ya baro Katsina yana saurayi, ya daɗe a Sudan, a can ya koyi gyaran keke. Satin nan zai rufe rumfar, domin idanu sun ƙi. Shi ya sa na ce bari in yi magana tun yana ji, tunda mu Takari, Hausawan Makka, mun fi iya yabon mutum bayan an rufe shi.

Garin nan hawa da gangara ne, ga cunkoson alhazai, don haka keke bai taɓa barin hannun Tsoho da birki mai wasa ba, ko da mai shi zai yi fushi. Ɗansa ɗaya ne, Hashimu, wanda ya gaji hannun uban, kowa kuma ya san rumfar tasa ce wata rana. Sai a wani aikin Hajji, bayan yaƙin duniya, wani Bamisire mai horar da 'yan tseren keke a Iskandariya ya ga Hashimu yana hawa tudu da buhun gari a baya, yana fito. Ya bi shi har rumfa. Ya ce suna da fili zagayayye inda mutanen Italiya da Faransa ke zuwa a kara, kuma yana son Hashimu, amma ya zo da kekensa, irin na tsere: ba birki, feda a ɗaure da tayar baya, muddin taya na juyawa ƙafa ba ta hutawa.

"Ma fi birki? Babu birki sam?" in ji Tsoho. "Alhaji, wannan ai makara ce mai ƙafa biyu."

A gida, Saudatu uwar Hashimu ta kawo mafita mai sauƙi. "Malam, ka ce ba ka iya ba, halas, shi ke nan. Wa zai haɗa masa in ba kai ba?" Gaskiyarta, duk Makka babu wani mai iyawa. Shi ma ya sani sarai cewa ɗan da ya ɗanɗana wancan fili ba zai dawo faci ba. Hashimu bai roƙa ba, bai ɓata rai ba, ya ci gaba da aikinsa, sai dai fiton ya ɗauke. Shirun nan ne ya fi ƙarfin Tsoho. Wata safiya ya sauko da ƙarfen keke mafi kyau da yake ɓoyo a saman rumfa, ya cire birkin da hannunsa, yana istigfari.

Sabo mai ruwa shaida ne a kan abin da ya biyo baya. A wajen unguwar Kudai suka sami fako inda Hashimu zai riƙa gwaji, Tsoho ya ja igiya ya zana da'ira, suka tsince duwatsu. Ƙasa tana son ruwa kafin ta daɓu, ruwa kuwa a Makka ba abin wasa ba ne, sai matan unguwa suka riƙa tara ruwan wanki a garwa, Sabo yana kaiwa a jaki. Da aka gama, gardama ta tashi: ta dama ake zagayawa ko ta hagu? Bamisiren bai faɗa ba. Tsoho ya dubi wajen Harami ya ce, "Mu zagaye ɗaya muka sani a garin nan. Bar hagunka a ciki." Ashe haka su ma 'yan tseren suke yi.

Abin da ba wanda ya gaya musu shi ne filin Iskandariya ba shimfiɗaɗɗe ba ne, gefensa a tashe yake kamar akushi. A tseren farko Hashimu ya sulluɓo, fatar gefensa ta tafi. Ya warke, ya sake hawa, kuma kafin shekara ta zagayo Turawan da ke yi masa dariya sun koyi kiran sunansa. Suka riƙe shi a can, ya yi aure. Labarinsa yanzu sai a bakin alhazan Masar.

Kai ne, Malam, ka haɗa abin da ya raba ka da ɗanka, kuma ka haɗa shi da kyau. Gwanin ƙarfe, mai kunnen jin ciwon taya! An tafa wa Hashimu a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, ba wanda ya tambayi wane ne ya ɗaure kacar. Ni abin yana min ciwo, ba zan ɓoye ba.

Jiya na same shi yana laluben sifanoni yana jerawa a buhu. Na ce, "Ya ammi, baffana, ba ka nadama?"

Ya jefa sifana na ƙarshe a buhu. Can ya ce, "Na san notin da zan sassauta kaɗan. Ba zai faɗi ba, gudun dai ba zai zo ba, su sallamo min shi gida. Na riƙe sifana a kansa, wallahi na riƙe." Ya ɗaure bakin buhun. "Sai na ƙara masa ƙarfi."

Mun gode, Malam Tsoho, Allah ya saka maka da abin da ya fi rumfa. Ku kuma iyaye, in ranar taku ta zo kuna riƙe da notin ɗanku, ku tuna da tsohon nan. Buhun yana nan a zaurensa, ya ce duk wanda zai koya ya zo da wuri, tun hannu na iya nunawa.