Wasan da Ya Tashi Rugar Ardo Hammadu

Malam Sallau na Rurum ya tsufa yana koyarwa a firamare, amma babu ɗalibin da ya taɓa jin ya yi raha a gaban taro. Ba haka Allah ya yi shi ba. A kwalejin horon malamai, ko sanarwar shara ya tashi yi sai an riƙe ciki.

A daminar 1957 kwaleji ta raba ɗalibai uku-uku, aka tura su karkara su yi wa jama'a bayanin lambar rigakafin ciwon agana. An haɗa Sallau da Gwadabe da Musbahu, aka ba su Fassi ta ƙasar Kibiya. Gwadabe ya zana hotuna, Musbahu ya rubuta jawabi, aka bar wa Sallau magana.

"Abin da na rubuta za ka faɗa," in ji Musbahu. "Harshen nan naka ka bar shi a ɗaki."

"In na bar shi da me zan karanta, da hancinka?"

Aka taru a gindin tsamiya, hadari yana haɗowa daga gabas. Kusa da dagaci akwai wani baƙo mai farar riga, dogari na tsaye a bayansa. Ba wanda ya gaya wa ɗaliban ko wane ne. Can gefe ga Ardo Hammadu da mutanensa, sanduna a kafaɗa.

Sallau ya fara karatu. Kafin ya yi nisa mutane sun soma zamewa ɗaya-ɗaya. Gwadabe ya raɗa masa, "Mun faɗi fa."

Sai idonsa ya sauka a kan Ardo. Shi Sallau Babarbare ne, kuma matan rugar Ardo ke kai nono gidansu tun yana rarrafe. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni: ka tsokana, a rama, ba a riƙewa. Ya sauke takardar.

"Ardo, bawana! Lambar nan ba jangali ba ce. Kada ka kora mana yara bayan duwatsun Rurum, inda kake ɓoye rabin garkenka duk damina!"

Wuri ya kece da dariya, waɗanda suka tafi suka dawo. Sallau ya tsaya yana jiran ramuwa, don Ardo bai taɓa barin Babarbare ya sha ba. Amma Ardo ya kawar da kai. Mai farar riga yake kallo. Shi kuwa baƙon ko murmushi bai yi ba. Ya yafito dogari, ya yi masa magana a kunne.

"Wane ne wancan?" Musbahu ya tambayi wani tsoho.

"Malamin jangali ne, ɗana, mai ƙidayar shanu don haraji."

Da kwaleji ta ba da maki, rukuninsu ne ya zo na ɗaya. Da aka yi hutu Sallau ya koma Rurum, ya ajiye akwati ya nufi rugar Ardo. Turaku kawai ya tarar, ciyawa ta rufe makwantar shanu. Mahaifiyarsa ta ce dogarai sun zagaya bayan duwatsu sun koro garken, an ci Ardo tara, abin da ya rage ya kora kudu.

"Iya, bai bar saƙo ba?"

"Ya ce a gaya wa Babarbare ya ci wasan."

Har ya rasu, in Fulani suka ratso ta Rurum, Malam Sallau yakan fito bakin hanya ya duba fuskokinsu.