Layin Dogo a Lambun Illa

A shekarar 1971, cikin watan Nuwamba, Illa ya fara ganin Kolo. Shekarunsa ashirin a lokacin, an ɗauke shi aikin tura wago a uzin, wato masana'antar jan bulo da ke yammacin Damagaram, a hannun hagu in an nufi Takieta. Wago ɗan ƙaramin tarago ne na ƙarfe, mutum ɗaya ke tura shi a kan siririn layin dogo, daga ramin yumɓu zuwa injin, daga injin zuwa murhun gashi. Ranar farko da ya kama aiki ya tarar da wani dogon mutum kwance rubda ciki a kan layin, kuncinsa manne da ƙarfe, ido ɗaya a rufe.

"Malam, lafiya? Ko ciki ne ya murɗa?"

"Matsa gefe," in ji mutumin, bai ko ɗago ba. "Ƙafafunka sun tare mini mita arba'in."

Kolo ke nan. Ɗan unguwar Birni ne, ya girmi Illa da shekara bakwai. Ya yi shekara shida a Paraku, can Dahome, yana koyon shimfiɗa dogo, ya dawo garin da jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ba. Shi ya zana layin uzin da hannunsa, shi kuma ya shimfiɗa shi: mita ɗari shida da arba'in, faɗi santimita sittin, kwana biyu, mararraba ɗaya. Ya ba shi ɗan gangare wanda ido ba ya gani, don wago mai kaya ya riƙa sauka da kansa, wanda ba kaya kuma a tura shi sama ba wahala. Mutanen gari kan leƙo ta saman katanga su ce sun ga jirgin ƙasa. Kolo ba ya gyara musu magana.

A wuyansa akwai tsirkiyar fata, ɗauke da 'yan ƙarafa uku masu faɗi kamar harshen wuƙa. Masu tura wago suna ce musu layun Kolo. Ma'auni ne. Ƙarfen dogo yana miƙewa in ya sha rana, yana takurewa in ya ji sanyi, don haka duk inda ƙarfe biyu suka haɗu sai an bar musu 'yar rata. In da ɗari ake shimfiɗawa, Kolo kan sa mai kauri, milimita huɗu. In da damina ne, mai milimita biyu. In cikin bazara ne, lokacin da ƙarfe ya riga ya gama miƙewa, sai siririn, milimita ɗaya. Illa ya sha jin wannan bayani har ya haddace, ya raɗa masa suna Mushe Rata, wato Malam Rata, irin kiran Faransanci. Shi kuma Kolo yana kiransa Sarkin Tura.

A kwano ɗaya suke cin abinci a inuwar murhu. Da Illa ya auri Bintu, Kolo ne babban abokin ango. Da Ramlatu matar Kolo ta haihu, Illa ne ya feɗe ragon suna. In aka ga ɗaya a kasuwa shi kaɗai, sai a tambaye shi ko ɗayan ba shi da lafiya.

A Janairun 1978 aka sa Kolo ya sake shimfiɗa kwanar da ke gab da murhu. Wannan kwana ita ce ke ci wa Illa rai. Ɗanyen bulo yake ɗaukowa daga injin, kuma duk mahaɗin da ƙafar wago ta taka sai ta yi ƙas, bulo ya girgiza, gefensa ya ɓare. Kullum sai shugaban leburori ya yi masa faɗa.

"Mushe Rata, tunda ka kwance ta, ka matse mini ita mana. Haƙorana sun kusa zuba."

"Ɗari ake yi, Sarkin Tura. Mai kauri zan sa."

"To wa zai gani?"

"Rana za ta gani."

Washegari ya sake roƙo, Kolo ya sake ƙi. A rana ta uku Illa ya yi maganar a gaban jama'a, ana cin abinci, yana dariya.

"Ku shaida, jama'a. Shekara bakwai muna kwano ɗaya da mutumin nan, ashe abotar ba ta kai milimita uku ba."

Aka yi dariya. Kolo ma ya yi, amma bai ƙarasa cin abincin ba. Da yamma ya ciro siririn ma'auni, na bazara, ya ɗaure mahaɗi goma sha huɗu da shi cikin tsakiyar sanyi. Wata uku wago na wucewa ta kwanar nan sumul, ko motsi bulo ba ya yi. Illa ya saya masa goro.

Ranar goma sha tara ga Afrilu, wajen ƙarfe biyu na rana, zafi ya kai inda ba a iya taɓa ƙarfe da hannu. Illa ya taho da bulo ɗari biyu. Yana shiga kwanar ya ga layin ya karkace a gabansa, ya fita gefe kamar maciji. Ƙarfen ya nemi wurin miƙewa ya rasa. Wago ya sauka daga layi, ya kife a kan ƙafarsa ta hagu. A asibiti aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Kwana huɗu bayan haka direktan uzin ya zo asibiti da magatakarda, za su rubuta yadda abin ya faru. Illa ya hango Kolo tsaye a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Ya san abin da zai biyo baya in ya faɗi gaskiya: za a auna mahaɗan, a kori Kolo, kuma ba wanda zai sake ba shi ƙarfe ya shimfiɗa, ga 'ya'ya uku. Ya kuma san wanda ya yi ta roƙo har aka matse su.

"Hawa wagon na yi," in ji Illa. "Na sake shi a gangare da gudu. Shi ya tura layin."

"Ka san an hana hawa?"

"Na sani, Mushe."

Magatakarda ya rubuta. Aka sallami Illa daga aiki a matsayin wanda ya jawo wa kansa. Da ya sake duba ƙofa, Kolo ba ya nan.

Bai dawo ba. Illa ya yi wata biyu a asibiti, duk takun da ya ji a baranda sai ya juya. Da aka kai shi gida ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, inda zai ga mai shigowa lungu. Ramlatu ta zo da kunu da gaisuwa, ta ce maigidan aiki ya yi masa yawa. Ran nan a kasuwa, yana dogara sanda, ya hango Kolo wajen masu ƙira. Suka haɗa ido. Kolo ya juya ya shige cikin rumfuna.

Wannan ya fi ƙafar yi masa ciwo. Ba godiya yake so ba, ba kuma ban haƙuri ba. So yake mutumin ya shigo zaure, ya zauna, ya ce masa Sarkin Tura, ko da ba za su taɓa ambaton kwanar nan ba har abada. Ya aika masa da goron sunan ɗansa na biyu. Ramlatu ce ta zo.

Bintu ta gaji lambu a wajen ubanta, a wata fadama bayan gari. Nan Illa ya koma neman abinci. Rijiya na can sama, fangalin albasa da salak na ƙasa, tsakaninsu mita saba'in. Mai ƙafa biyu ma sai ya yi gumi. Shi kuwa da sanda a hammata, bokiti a hannu, rabin ruwan a hanya yake zuba. Shekara takwas yana haka, lambun bai taɓa cika rabi ba.

A 1986 uzin ya rufe. A ƙarshen shekarar yayan Illa ya rasu a Garagumsa, ya tafi zaman makoki ya yi mako biyu. Da ya dawo ya tarar da layin dogo a lambunsa, daga bakin rijiya har ƙarshen fangali, da wago ɗaya ɗauke da tanon ruwa, wato durom, mai famfo a gindi, da ɗan benci a gefe inda mutum zai zauna. Ya cika tanon, ya zauna, ya ɗan dogara sandarsa a ƙasa. Wago ya gangara da kansa a hankali, yana ƙas, ƙas a kowane mahaɗi, ya tsaya cak a fangalin ƙarshe. Ba ya bukatar a faɗa masa hannun wa ne. A duk Damagaram mutum ɗaya ne ya iya wannan gangare.

Ranar ya yi farin ciki irin wanda ya manta da shi. Ya ce wa Bintu ta soya kaji biyu, ya aika a ce wa Kolo yana jiransa. Saƙon da ya dawo gajere ne: aikin uzin ne, an sa shi ya yi, ba sai an gode ba.

Illa ya daɗe zaune a kan bencin wago. Abin da ya fahimta shi ne an biya shi da ƙarfe an rufe magana. Daga ranar bai sake aikawa ba. Kolo ya koma gyaran ƙofofi da amalanke a Sabon Gari. Gari ɗaya, masallacin Juma'a ɗaya, ƙarin shekara talatin da bakwai, ba wanda ya ji muryar ɗan'uwansa.

Lambun kuwa ya tashi. Da shi aka aurar da 'ya'ya, da shi Bintu ta je Makka. Duk ranar kasuwar Takieta Illa kan shiga mota da buhunan albasa tun da safe, sai la'asar ya dawo. Layin bai taɓa ba shi matsala ba. Gara na cinye dannin maƙwabta da ƙyauren bukkokinsu, amma itatuwan da ke ƙarƙashin ƙarfensa suna nan garau. In aka tambaye shi sai ya ce ƙasar wajensa ce mai kyau. Wani lokaci, in zuciya ta ɗan sauko, sai ya ƙara da cewa wanda ya shimfiɗa ya iya aiki, halinsa ne dai.

Kolo ya rasu a Janairun 2024. Illa ya je jana'iza a bayan babur ɗin jikansa, ya tsaya a sahun baya, ya tafi kafin a gama gaisuwa. Bai yi kuka ba. Ya ce wa Bintu ai shi tun tuni ya yi zaman makokin mutumin nan.

Bayan addu'ar bakwai, Rahama, babbar 'yar Kolo, ta zo gidan. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance bakin mayafinta, ta ajiye tsirkiyar fata a kan tabarma. Ƙarafan uku sun sha hannu har sun yi sulɓi.

"Baba, ya ce a kawo maka. Ya ce kuma a faɗa maka mahaɗi na tara ya fara matsewa, a sassauta shi kafin zafi ya shigo. Ya so ya yi da kansa, jikin ya ƙi."

Illa ya dubi ƙarafan, ya dubi Rahama.

"Ina ya san mahaɗi na tara, 'yata? Rabonsa da lambun nan tun kina goye da ɗanki na fari."

Rahama ta sunkuyar da kai. Bintu ce ta amsa daga bakin ɗaki, muryarta ƙasa ƙasa.

"Malam, duk shekara yana zuwa. Sau biyu, wani lokaci uku. In ka tafi Takieta nake aika masa."

"Ke?"

"Ya sa na rantse. Shi ke canza itatuwan, yana shafa musu baƙin mai. Shi ke ɗaure noti. Ba wanda ya sa shi shimfiɗa layin nan, shi ya roƙi ƙarfen, ya yi ta jigilarsa a amalanke. Bara ma ya zo, da rarrafe ya bi layin, gwiwa ta ƙi. Ni na riƙe masa sifana."

Rahama ta fara gyara mayafi za ta tashi, Illa ya juya wajen Bintu.

"Shekara talatin da bakwai, Bintu. Ko sau ɗaya bai jira na dawo ba?"

"Na sha ce masa ya jira. Sau ɗaya ya zauna har ya ji ƙarar motarku, sai ya tattara kayansa ya bi ta bayan danni. Na ce masa, Kolo, wannan wane irin hali ne? Ya ce in ya ga ƙafar nan hannunsa zai yi rawa, kuma mai rawar hannu ba ya awo."

Da safe Illa ya tafi lambu shi kaɗai. Ya fara daga rijiya yana ƙirga mahaɗai, yana duba itatuwan da ya taka shekara da shekaru bai taɓa kallonsu da kyau ba. Wani tsoho ne, wani sabo, wani na kirya, wani na bedi, kowanne an sassaƙe shi daidai da ɗan'uwansa. A na tara ya ajiye sanda, ya sauka da ƙyar, ya kwanta rubda ciki, ya manna kuncinsa da ƙarfe mai sanyi. Ratar ta kusa rufewa, kamar yadda aka ce.

Ya ciro ma'auni mai kauri, na ɗari, ya gwada. Bai shiga ba. Ya laluba ƙarƙashin itacen don ya sami abin dogarawa, hannunsa ya ci karo da tsumma. Sifana ce a naɗe ciki, an shafa mata mai, an ajiye ta daidai inda hannun wanda ke kwance zai kai.

"To, Mushe Rata," in ji Illa. Ya goge idonsa da hannun riga, ya sa sifana a noti, ya fara sassautawa.