Cukun Akuya na Abzin

Jiya maƙwabciyata ta gasa cuku, ƙamshin ya ƙetaro katanga, na zauna ina ta hawaye. Rubuta, 'yar nan, ni na gaji.

Maigidana ba ya cin cukun saniya. Na akuya yake so, na Abzin, marar kauri, mai zanen tabarma, a gasa a garwashi a daka cikin fura. Shekarar da Nasara suka tafi ya kwanta ciwo, ya ƙi komai sai shi. Ni da ba na fita, na zaga Zango gida-gida. Babu, ayarin Buzaye masu kawo shi bai sauko ba. Na kawo na saniya. Ya sansana, ya yi murmushi.

"Baiwar Allah, kin sha wahala. Ajiye, zan jira Buzaye."

Sun iso ina cikin takaba.

Allah ya jiƙansa, ya ƙosar da shi a Aljanna.