Hoton da Inna Ta Lulluɓe

Da mahaifiyata ta zo Alƙahira jinyar ƙoda, ko jakarta ba ta kwance ba ta fara faɗa da bangon falona a unguwar Hadayek el-Maadi. Wani hoto ne na kafa: mutanen Elam, tsohuwar al'umma a ƙasar Iran ta yau, an sassaƙa su a jikin dutse, sun jeru sahu-sahu, hannuwa a ɗage, suna bauta a fili. A kansu nake rubuta kundin digirina. Duk karatun nan nawa, ban lura na kafa su daidai alƙibla ba. Inna ta cire mayafinta ta rataya a kansu, ta ce ba ta baro Katsina don ta yi wa gumaka ruku'u ba. Na ji haushi, amma kunya ta fi yawa.

Ciwon ya tsare ta a gida, daga gado sai asibiti, tagarmu kuwa bangon maƙwabta take kallo. Wata rana na dawo na tarar ta ɗaga gefen mayafin tana leƙe. Ta tambaye ni ko mutanen ba su da ɗaki ne. Na ce a gindin dutse suke taruwa, bakin kogi, ba rufi. Ta ce wata huɗu ke nan ba ta yi sallah ta ga sama ba, ita da a tsakar gida ta saba shimfiɗa tabarma.

Ƙaramar sallah ta zo, likita ya hana ta shiga taro. Da safe na karɓo makullin saman bene wajen mai gadi. Lif ɗinmu, na'urar hawa bene, ba ya kaiwa can, saura hawa guda na matakala. Mijina ya durƙusa zai goya ta, ta ce ko mutuwa za ta yi, surukinta ba zai ɗauke ta ba. Ni na goya ta. Rashin nauyinta ya sa ni kuka, na ce mata haki ne.

Tsakanin tankunan ruwa ta yi raka'a biyu a zaune, kabbara na tasowa daga titi. Da ta shafa addu'a ta ɗaga kai sama.

"'Yar nan, mutanen naki sun ɓata hanya, amma sun san wuri."

Ba ta kai babbar sallah ba. Na mayar da hoton wani bangon tuntuni, amma mayafin yana nan a ƙusarsa, shi nake fuskanta sau biyar a rana.